Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Ƙaramar Tocila: Girma, Batir da Ƙarfin Haske

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai kayan lantarki a babbar kasuwar Sakkwato ya san yadda cinikin tocila yake tafiya. Mai kaya zai ɗauko ɗaya ya kunna ta a tafin hannunsa da rana tsaka, ya ce, "Alhaji, wagga haskenta har Kware," mai saye kuma ya juya kwalin ya ga lamba mai sifiri huɗu ko biyar, ya biya ya jefa a aljihu. Ba a gane gaskiyarta sai daren da aka ɗauke wuta aka daɗe ba a maido ba. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda ɗalibai, masu gadi, manoman rani da magidanta suka fi yi mini game da ƙananan tocilolin da ke shiga aljihu.

Wanne zan fara dubawa, girma, ƙarfin haske ko batir?

Ka fara da batir. Jikin tocila bututu ne da aka yi wa batir, aka ɗora ƙwai a gaba da makunni a baya ko a gefe, saboda haka batirin ne yake yanke girmanta, kuma daga abin da yake iya bayarwa ne ƙarfin haske da daɗewarsa suke fitowa. Ka tambayi kanka inda za ka samu wani idan ya ƙare da tsakar dare. Mazaunin Mabera ko Runjin Sambo, wanda yake ganin wuta jefi-jefi, ko yake da sola, ko akwai mai cajin waya a bakin layinsu, batir mai caji ne ya dace da shi. Wanda yake kwana uku a fadamar Wurno ko a gonakin da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo yana ban ruwan albasa, ya fi samun kwanciyar hankali da tocilar da ke cin batirin da ake samu a teburin kowane ƙauye, sai fa idan zai riƙe batura biyu masu caji a cike.

Mene ne bambancin AAA, AA, 18650 da sauran sunayen da ake rubutawa a kwali?

AAA shi ne siririn batirin rimot, tsawonsa milimita 44.5, kaurinsa milimita 10.5. Tocilar da ke cin guda ɗaya ba ta wuce tsawon yatsa ba, ana rataye ta a jikin makulli, kuma mafi ƙarfin haskenta bai cika nisa da lumen 100 ba (lumen shi ne awon yawan haske). AA shi ne na agogon bango da ƙaramar rediyo, tsawonsa milimita 50.5, kaurinsa 14.5, kuma yana ɗauke da wutar da ta ninka ta AAA fiye da sau biyu, alhali tocilar tasa ba ta fi ta AAA girma da yawa ba. Dukkansu bolt 1.5 suke bayarwa idan na yarwa ne, bolt 1.2 kuma idan masu caji ne irin NiMH.

Masu suna da lamba kuwa baturan litiyam ne masu caji, kuma sunan nasu awo ne kurum. 18650 yana nufin kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, 21700 kuma kaurin 21 da tsawon 70. Suna bayar da bolt 3.6 ko 3.7, idan sun cika taf su kai 4.2. Tocila mai 18650 takan kai tsawon santimita 10 zuwa 14, tana cika tafin hannu, tana kuma jan aljihun kaftani ƙasa kaɗan, amma a wurina ita ce inda girma da aiki suka fi daidaituwa. Mai 21700 ta fara fita daga sahun ƙananan tociloli, gara a sa ta a jaka.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani. Batirin 14500 girmansa ɗaya da AA, yana shiga inda AA yake shiga, amma bolt ɗinsa ya ninka na AA fiye da sau biyu. Idan ba a rubuta a jikin tocila ko takardarta cewa tana karɓar 14500 ba, kada a gwada, domin ƙwan ko allon da ke sarrafa shi zai iya ƙonewa nan take. Sai kuma CR123A, gajere mai bolt 3 wanda ba a caji, mai iya shekara goma a ajiye. Batir ne nagari, amma ban ba kowa shawarar dogaro da shi a nan ba, saboda samunsa sai an sha yawo, ga tsada.

Batirina na AA an rubuta masa 2000 mAh, na 18650 kuma 3000 mAh. Ashe bambancin ba shi da yawa?

Yana da yawa ƙwarai, domin ba a kwatanta mAh, wato awon yawan cajin da batir yake ɗauka, sai tsakanin batura masu bolt ɗaya. Idan ana son ainihin wutar da ke ciki, sai a ninka bolt da mAh. AA mai caji, bolt 1.2 sau 2000, yana bayar da wat 2.4 na tsawon awa guda. 18650 kuwa, bolt 3.6 sau 3000, yana bayar da kusan wat 11 na awa guda, wato fiye da ninki huɗu. Wannan ne ya sa tocilolin nan masu cin AAA uku a cikin ɗan kwando na roba suke ba mutane kunya: kaurinsu ya kai na mai 18650, amma wutar da suke ɗauke da ita ba ta kai rabin tata ba.

A ƙara da cewa batirin yarwa na alkalin ba ya son a zuƙe shi da ƙarfi. A agogon bango yana shekara, amma a tocilar da aka ƙure wa haske yakan faɗi tun bai bayar da abin da ke cikinsa ba. Masu araha da ake yi da zinki da gawayi, waɗanda suka fi yawa a tebura, sun fi shi saurin gajiya. NiMH mai kyau ya fi su duka jure jan wuta, ga shi ana caja shi ɗaruruwan lokuta.

Na ga 18650 mai 9900 mAh a farashi mai sauƙi. In saya?

Kada ka saya. Manyan kamfanonin da ke ƙera wannan batir, irin su Samsung, LG, Panasonic da Murata, abin da suka saba fitarwa a wannan girma yana tsakanin 2500 ne zuwa 3500 mAh, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 6800 ko 9900 ƙarya ce aka buga da fenti. Ni kaina na taɓa faɗawa. Na sayi guda biyu a wani shago, masu jar riga da zanen harshen wuta a jiki, kuma tun a hannu na ji su sakayau kamar bututun biro. Na kai ɗaya wurin wani abokina mai sikelin awon zinare, muka ɗora, bai kai giram 30 ba, alhali na gaskiya yakan yi giram 45 zuwa 48. A daren na sa shi a tocila bayan sallar isha'i, kafin in gama cin tuwo haske ya koma ja. Araha ba ta ado.

Akwai kuma waɗanda ake ciro su daga matattun baturan kwamfutar tafi-da-gidanka a sake musu riga. Wasunsu suna da sauran rai, amma mai saye ba shi da hanyar sanin shekarunsu. Ka duba kan batirin da gindinsa: idan ka ga ɗigo-ɗigon walda ko alamar an kankare ƙarfe, tsoho ne. Idan kuwa rigar robar ta yage ko da kaɗan ne, kada ya shiga tocila, domin duk jikin gwangwanin ɓangare ɗaya ne na wuta, kuma idan ya haɗu da ɗaya ɓangaren ta jikin ƙarfen tocila, zafi da gobara ne za su biyo baya. Saboda wannan dalili ne ba a jefa 18650 tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi.

Lumen nawa nake buƙata?

Ƙasa da yadda kake zato. Lumen awon jimlar hasken da ke fita daga tocila ne. Lumen 1 zuwa 5 ya isa ka nemo buta ko ka duba yaro cikin gidan sauro ba tare da ka tayar da mutanen ɗaki ba. Lumen 30 zuwa 50 ya isa tafiya masallaci da asuba ta cikin lungu. Lumen 100 zuwa 300 yana haska tsakar gida da garken awaki sosai. Abin da ya wuce haka na leƙen nesa ne na ɗan lokaci. Ido kuma ba ya lissafi irin na kwali: sai an ninka lumen kusan sau huɗu kafin mutum ya ji kamar haske ya ninka sau biyu, saboda haka bambancin mai 800 da mai 1000 da ƙyar ake ganinsa.

Batun lumen 50,000 ko 100,000 a tocilar da ke shiga aljihu kuwa, lissafi kaɗai ya isa ya ƙaryata shi. Ƙwan LED mai kyau yakan bayar da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat, saboda haka lumen 100,000 zai buƙaci kusan wat ɗari bakwai ko fiye, kwatankwacin abin da ƙaramin dutsen guga yake ci. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ni na fi duba ko tocila tana da mataki na ƙasa mai sanyin haske, da kuma ko tana farawa daga shi, domin da shi ake yin kusan duk aikin dare. Wadda sai ka ratsa ta haske mai walƙiya kafin ka kashe ta, za ta gundure ka cikin mako guda.

Me ya sa tocilata take haske sosai da farko, bayan 'yan mintoci kuma sai ta rage da kanta?

Idan mai kyau ce, da gangan take yi. Fiye da rabin wutar da ke shiga ƙwan LED idan an ƙure shi zafi take komawa, kuma ƙaramin jiki ba shi da faɗin da zai watsar da wannan zafi. Saboda haka tocila mai 18650 da aka rubuta wa lumen 1500 takan riƙe shi na minti ɗaya zuwa uku ne, sannan ta sauka zuwa 'yan ɗaruruwa don kada ta ƙona kanta ko hannun mai ita. A nan ne girma yake da amfani na gaske, kuma a nan ne jikin alminiyam ya fi na roba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40 kuma dare ma ba ya hucewa, saukar takan zo da wuri fiye da yadda aka gwada a masana'anta.

Ya kamata kuma a san yadda ake ƙirga awannin da ke jikin kwali. Ƙa'idar gwaji ta ANSI FL1, wadda aka fitar a Amurka a shekarar 2009 kuma kamfanonin kirki suke bi, tana ci gaba da ƙirga lokaci har sai haske ya faɗi zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Ke nan idan aka rubuta lumen 1000 na awa 3, ba a yi alkawarin lumen 1000 tsawon awa ukun ba. Lissafin da ya fi amfani shi ne na matakin tsakiya: lumen 100 yana cin kimanin wat ɗaya, saboda haka 18650 na gaskiya zai kai ka awa goma ko kusa da haka, wato daga isha'i zuwa asuba.

Tociloli biyu lumen ɗinsu ɗaya, amma ɗaya ta fi kai nesa. Yaya aka yi?

Nisa aikin kan tocila ne. Ɗan kwanon nan mai ƙyalli da ke kewaye da ƙwan, idan yana da faɗi da zurfi, yana tattara haske wuri guda ya harba shi nesa. Idan ƙarami ne, sai haske ya bazu kusa. Ana auna wannan da kandela. Kandela 2,500 tana kai mita 100 a ƙa'idar gwaji, 10,000 tana kai mita 200, 40,000 kuma mita 400, wato sai an ninka sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Sai dai ƙa'idar tana tsayar da awo ne a inda hasken ya yi daidai da na wata a daren sha huɗu, wanda bai isa ka bambance kare da tunkiya ba. Ka raba lambar kwali biyu, ka ɗauki rabin a matsayin nisan da za ka gane abu.

Mai gadin fili da manomin da ke tsaron injin ban ruwa suna buƙatar kai mai faɗi. Mai gyaran babur da ɗalibin da ke karatu a ɗakin kwanan jami'a a Dundaye kuwa, haske mai baje ne ya fi musu, domin mai tsini yana kashe ido a kan farar takarda. Masu kan da ake ja gaba da baya don a tsuke haske suna burge mai saye, amma idan an tsuke su wani kaso mai yawa na hasken a cikin bututun yake mutuwa, kuma duk ja ɗaya tamkar famfo ne da ke zuƙo ƙura ciki.

Yaya batun hazo da ruwan sama?

Ka nemi haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, kuma 6 tana nufin ƙura ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce, inda 4 ke nufin tana jure yayyafi, 7 tana jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30, 8 kuma fiye da haka. Idan ka ga X a gurbin ta farko, kamar IPX4, ba a gwada ta da ƙura ba ke nan. A garin da damina ba ta wuce wata huɗu ba amma ƙura take shekara, lambar farko ta fi damuna. Ka kwance gindin tocilar tun a gaban mai kaya ka duba ko akwai siririn zoben roba a bayan zaren. Idan babu, komai aka rubuta a kwali, ƙura za ta shiga.

A daren hazo mai kauri, tsakanin Disamba da Fabrairu, ƙara haske yana ƙara makanta ne, domin ƙurar da ke gabanka tana maido maka da shi. Ka rage mataki, ka sauke hannu zuwa ƙugu. Haske mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi fari fat mai shuɗi-shuɗi sauƙi a ido a irin wannan dare. Riƙe tocila a ƙasa yana da wani amfanin ko babu hazo, domin yana fito da inuwar rami da kunya da duk abin da ya kwanta a hanya, kuma wanda ya san kububuwa ya san ba a raina wannan.

Zafi yana lalata batir?

Yana lalatawa, musamman na litiyam. Motar da aka rufe a rana cikinta yana iya wuce digiri 60, saboda haka gaban mota da ƙarƙashin kujerar babur ba ma'ajiyar tocila ba ne. Kada a caja batir a rana ko a ƙarƙashin matashin kai, kuma idan za a ajiye shi na watanni a bar shi da rabin caji a wuri mai inuwa.

Wadda batirinta yake manne a ciki ta fi, ko wadda ake cirewa?

Wadda ake cirewa. Batirin litiyam yakan fara rauni bayan caji 300 zuwa 500, kuma idan a manne yake, ranar da ya mutu tocilar ta mutu ko da ƙwanta lafiya lau. Mafi dacewa ita ce mai ramin caji na USB-C a jiki wadda kuma ake iya buɗewa a canza batir, domin tana caji da cajar waya, da fawa bank, da ƙaramin farantin sola. Ka dai lura da murfin robar da ke rufe ramin, shi ne yakan fara tsinkewa.

Tocilolin roba masu ƙafa biyu da ake sokawa kai tsaye a soket suna da nasu hali. Da yawansu ɗan batirin darma ne a ciki, ƙanen na mota, wanda ba ya yafe a bar shi babu caji na makonni, kuma ba ya yafe a manta shi a soket kwana da kwanaki. Suna da sauƙin kuɗi, suna biyan buƙatar ɗaki, amma ba na tafiya ba ne.

Ai wayata tana da tocila.

Tana da ita, kuma ta isa neman takalmi a ƙofar masallaci. Haskenta a baje yake babu tsini, ba ya kai nesa, kuma yana cin cajin da za ka buƙata don kiran waya a daidai daren da babu wuta.

Gaskiya ne akwai tocilar da ke nuna kunama?

Gaskiya ne. Jikin kunama yana ƙyalli da launin kore-kore idan aka haska shi da hasken UV, wato wani nau'in haske da ido ba ya gani sosai, kuma akwai ƙananan tociloli masu wannan ƙwai, waɗanda aka rubuta wa 365 ko 395 nm. Masu kwana a tsakar gida da bazara za su iya zagaya tabarma da gindin bango da ita kafin a shimfiɗa wa yara. Ba ta aikin tocilar yau da kullum, kuma ba a haska ta a ido.

Na buɗe tocila na tarar da farin gari ya daskare a kan batir. Ta lalace?

Ba lallai ba. Batirin alkalin ne ya zubar, abin da yakan faru idan ya ƙare aka bar shi a ciki, ko aka haɗa sabo da tsoho. Ka fitar da shi ba tare da garin ya taɓa ido ko baki ba, ka jiƙa auduga da ruwan lemun tsami ka goge wayar da ke naɗe a gindi da inda kan batir yake taɓawa, za ka ga yana ɗan kumfa, sannan ka goge da busasshen ƙyalle ka bar ta ta bushe sarai. Idan batirin ya kumbura ya maƙale a bututun alminiyam, sau da yawa sai haƙuri. Tocilar da ba a amfani da ita kullum a cire mata batir. Mai makunni na gefe kuma takan sha wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe take, kuma tana iya kunna kanta a aljihu har ta ƙona yadi. A yawancinsu, sassauta gindin kaɗan yana yanke wutar gaba ɗaya. Matattun batura kada su shiga bolar da ake cinna wa wuta, kuma ƙananan nan masu kamar maɓalli da ke cikin tocilolin makulli a nisanta su daga yara, domin haɗiye su yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni.

Zan tafi Umara ta filin jirgin sama na Sultan Abubakar III. Zan iya tafiya da tocilata?

Za ka iya. Ƙa'idar jiragen sama ita ce baturan litiyam na ajiya, har da fawa bank, a jakar hannu suke tafiya, ba a zuba su a akwatin da ake aunawa a kai cikin jirgi. Ka sa kowanne a ɗan akwatinsa na roba, ko ka manna salatif a kansa da gindinsa. 18650 guda ɗaya bai wuce wat-awa 13 ba, ya yi nesa da iyakar 100 da aka sa. Tocilar kanta ka sassauta gindinta ko ka cire batirin kafin ka rufe jaka, kuma ka duba takardar kamfanin jirgin da za ka hau, domin wasu suna ƙayyade adadin baturan da fasinja ɗaya zai riƙe.